Injin Wanke Kwanuka da Ruwan Zafi: Darasi Domin Masu Gidajen Abinci da Masu Gyaran Wuta

Garin Potiskum mahaɗar hanyoyi ne. Hanyar Kano da ta Bauchi da ta Gombe da ta Maiduguri duk a nan suka gamu, ga kuma kasuwar shanu wadda sunanta ya zaga Afirka ta Yamma. Inda baƙi suka yawaita kuwa, lalle abincin sayarwa ya yawaita, kwano ɗaya kuma yakan bi ta hannun mutane da dama tsakanin hantsi da isha'i. A Ngojin, wadda ke cikin mazaɓar Ngojin da Alaraba ta Ƙaramar Hukumar Potiskum, hannu da soso da sabulu su ne ke yin wanke-wanke a galibin gidaje, ba kuwa abin kunya ba ne. Amma akan sami mai otal, ko mai gidan abinci, ko wani ma'aikaci da ya yi zaman birni, ya sayo injin wanke kwanuka, sau da yawa na hannu, ya girka shi a ɗakin girki. Ba a daɗewa sai a ji kuka iri ɗaya: injin yana juyi, yana fesa ruwa, yana gama aikinsa, amma ruwan ba ya zafi.

Wannan darasi an shirya shi ne domin mai injin da kuma mai gyaran da za a kira. Abin da ke cikinsa ya shafi hitar ruwan wanka da butar lantarki ma, gama duk da dabara ɗaya suke dumama ruwa.

Dalilin da ya sa zafin ya zama dole

Hausawa na cewa abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Wannan magana gaskiya ce a sha'anin zaman duniya, amma ba ta shiga cikin injin wanke kwanuka ba. Injin ba shi da soso, ba shi da yatsu. Makamansa uku ne kurum: ƙarfin feshi, da sabulu na musamman, da zafi. In zafi ya fita, saura biyun sun raunana.

A dubi irin abincin da ake ci a wannan ƙasa. Kitsen shanu ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, wani ma sai ya kusa 50. Manja da man shanu suna daskarewa da sanyin hunturu, su manne a jikin kwano. Ruwan sanyi ba ya ɗauke wannan maiƙo, sai dai ya shafe shi daga wannan faranti ya shimfiɗa a wancan, siriri yadda ido ba zai gani ba. A ƙarƙashin wannan shimfiɗa ƙwayoyin cuta suke fakewa. Zazzaɓin taifot, da amai da gudawa wato kwalara, da wani nau'in ciwon shawara, duk ta baki suke shiga, ta hanyar ruwa da abinci da kwanukan da aka ci a cikinsu. Jama'a ba su manta da shekarar 2021 ba, sa'ad da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 kuma suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa.

Saboda haka injin gida yakan kai ruwansa digiri 50 zuwa 70, gwargwadon tsarin da aka zaɓa. Manyan injunan otal da asibiti kuwa suna wanki a wajen digiri 60, sa'an nan su yi ɗauraya ta ƙarshe a digiri 82, domin fuskar farantin kanta ta kai digiri 71. Hatsarin injin da ba ya dumama ruwa shi ne yana yaudara. Kwano yakan fito yana walƙiya, a ɗauka an tsarkake shi, a zuba wa baƙo abinci a ciki. Matar da ta yi wanke-wanke da hannu ta san abin da ta goge da abin da ba ta goge ba. Wanda ya dogara ga injin da ya sanyaya kuwa bai san kome ba.

Yadda injin yake aiki

Wata mata Ba'amurkiya mai suna Josephine Cochrane ita ce ta sami takardar mallakar injin farko da ya karɓu, a shekarar 1886, ta kuma nuna shi a babban bajen kolin Chicago na 1893. Otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye, domin su ne ke da wadatar ruwan zafi. Tun daga ranar farko ke nan zancen zafi shi ne gindin al'amarin.

Injin zamani yana jan ruwa ta tiyo, lita 3 zuwa 5 a kowane zubi. Akwai wani ɗan ma'auni da ke shaida wa injin cewa ruwa ya kai yadda ake so. Sai famfon ciki ya shiga tura ruwan zuwa hannuwan feshi. Sa'an nan allon da ke sarrafa injin, wanda masu gyara ke kira fanel, ya ba hita wuta. A tsofaffin injuna hitar wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake gani a ƙasan ɗakin wanki. A sababbi kuwa an ɓoye ta, ruwa ne ke ratsawa ta cikinta, wani lokaci ma haɗe take da famfon. Kusa da ita akwai ma'aunin zafi mai kai wa fanel rahoto, da kuma wani fis na zafi mai yanke wuta in hitar ta nemi ƙonewa.

Abin lura a nan shi ne jeri. Fanel ba zai kunna hita ba sai ƙofa ta rufu, ruwa ya isa, famfo yana turawa. An yi haka da gangan, gama hitar da aka kunna ba ruwa cikin ɗan lokaci kaɗan take ƙonewa. Ke nan injin yana iya ƙin dumama ruwa alhali hitarsa lafiya lau take. Mai gyaran da ya zo ya ce hita ce tun bai ɗora mita a kan kome ba, canke yake yi, kuɗin mai gida kuma su ne jarin cankensa.

A fara tabbatarwa

Kafin a kira kowa, a tabbata lalle ruwan ba ya zafi. Jiƙaƙƙen kwano a ƙarshen wanki ba shaida ba ne, musamman na roba, domin roba ba ta riƙe zafin da za ta bushe da shi. A kuma dubi tsarin da aka danna. Akwai tsarin ɗauraya kurum wanda da ruwan sanyi aka tsara shi, akwai na gaggawa wanda zafinsa kaɗan ne. Yaran gida da masu aiki sukan fi son na gaggawa saboda gudun ɗaukewar wuta, ba tare da sanin abin da suka rage ba.

Hanyar gwaji ita ce a zaɓi tsari mafi zafi, a bar injin ya yi kamar minti 30 yana aiki, a dakatar da shi, a jira feshi ya tsaya, sa'an nan a buɗe ƙofa a hankali, fuska a gefe. In tururi ya taso, farantai sun ƙi taɓuwa, to, zafi yana nan. In akwai ma'aunin zafi na girki a tsoma shi cikin ruwan da ke ƙasa a karanta. Abu uku ake iya samu: ko ruwan sanyi ƙalau, ko ɗumi-ɗumi, ko kuwa yau zafi gobe sanyi. Kowannensu da inda ya nuna. Sanyi ƙalau a kullum ya fi nuna wani abu ya yanke, ko kuma fanel ya ƙi ba da izini. Ɗumi-ɗumi da zafin yau da gobe kuwa, a wannan yanki, da wuya su wuce zancen wuta.

Ƙarfin wuta

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne mafi yawan masu gyara suke tsallakewa.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 aka ƙayyade, a kansa kuma aka ƙera injunan da ake kawowa daga Turai da Asiya. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, da PHCN da ta gaje ta a 2005, har zuwa sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, lokacin da Jihar Yobe ta kasance ƙarƙashin Kamfanin Rarraba Wuta na Yola tare da Adamawa da Borno da Taraba, dokar waya ba ta sauya ba: gidan da ya yi nisa da taransifoma, ko wanda taransifomarsa ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta, wutarsa takan zo da rauni. Ƙauye ko unguwar da ke bakin layi ta fi kowa sanin haka. Da magariba, sa'ad da kowa ya kunna nasa, sai a ga fanka tana juyi da ƙyar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, zafin hita ba ya raguwa daidai da raguwar wuta. Ya fi ta saurin faɗuwa. In wuta ta ragu, sai a ninka raguwar a kanta. Ga misali da hita mai wat 2,000. A bolt 230 tana ba da wat 2,000 cif. A bolt 200 ba ta wuce wat 1,500 da 'yan kai ba. A bolt 180 ta koma wajen wat 1,225. A bolt 160 kuwa ko rabi ba ta kai ba. Wato wuta ta ragu da ƙasa da sulusi, amma zafi ya ragu da fiye da rabi. Fitilun zamani ba su nuna wannan rauni, talabijin ma tana ci gaba da aiki, saboda haka mai gida zai rantse wutarsa lafiya take.

A lissafi, hita mai cikakken ƙarfi tana bukatar minti 6 da ɗan ɗoriya ta ɗaga lita 4 na ruwa daga digiri 20 zuwa 65. Wannan ruwa ne kaɗai, ba a sa farantai da tukwane da jikin injin ba, waɗanda su ma suke shan zafi. In ƙarfin ya ragu da rabi, lokacin zai wuce ninki biyu, gama zafin yana zurarewa tun ana tara shi. A nan injuna suka kasu biyu. Waɗansu sukan tsaya jira har sai ruwa ya kai, sai a ga wankin awa biyu ya zama na awa uku ko fiye. Waɗansu kuwa suna da iyakar jira. In ta cika sai su wuce da ruwan yadda yake, ko su nuna wata lamba ta kuskure a fuskarsu. A watannin Disamba da Janairu, da ruwan tanki ke kwana cikin sanyin hunturu, abin ya fi tsanani, domin tafiyar da ruwan zai yi kafin ya kai zafin da ake so ta ƙara tsawo. Shi ya sa injin da bai taɓa ba da matsala da bazara ba yakan fara da hunturu, a ce ya lalace.

Mai gyara ya auna wuta a soket ɗin da injin yake, sau biyu: kafin a kunna, da kuma sa'ad da hita ke ja. Awon farko kaɗai ba ya isa. In kafin kunnawa an sami 220, da hita ta kama ya faɗo 190, to, laifin na wayar gidan ne. Hita mai wat 2,000 tana jan ampiya kusan 9, ban da famfo. Irin wannan kaya yana son soket na kansa, da wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da fulogi mai fis na ampiya 13. Ba a jona shi a doguwar wayar ƙari wadda firji da dutsen guga suke kai. A taɓa fulogin bayan wanki. In ya yi zafi, ko an ga baƙi-baƙi a bakin soket, zafin da ya kamata ya shiga ruwa ne yake ƙonewa a bango, gobara kuma ta nan take farawa. Akwai kuma jabun waya a kasuwa, mai siririn ciki da kaurin riga, wani ma ba jan ƙarfe ba ne, shafa masa launi aka yi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, ta daɗe tana gargaɗi a kai. Araha dai ba ta ado.

In kuwa tun daga mita wutar ta zo da rauni, gyaran ba a cikin injin yake ba. Ko dai a mai da wanki lokacin da wuta ta fi ƙarfi, kamar da hantsi ko da tsakar dare, ko a sa sitabilaiza. Amma ƙaramar sitabilaizar talabijin ba za ta ɗauka ba. Lambar da aka rubuta a jikin sitabilaiza ba ita take bayarwa ba in wutar da ke shigowa ta yi ƙasa ƙwarai, saboda haka mai lamba 5,000 ta fi dacewa da mai 2,000.

Haka zancen janareta. Ƙaramin janaretan nan na shago, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba shi da abin da zai yi wa hita. Matsakaici ma, in yana ɗauke da firiza da fankoki, da hita ta kama sai a ji muryarsa ta sauya, wuta ta faɗi. Masu wutar sola kuma su yi lissafi: wat 2,000 daga batiri mai bolt 24 ya haura ampiya 80, abin da zai tsotse batiri cikin ɗan lokaci. Ga irin waɗannan, dabara ita ce a yi wanki da tsakar rana. Rana kuwa Allah ya hore ta a Yobe. Injuna da yawa sun yarda a ba su ruwan da aka riga aka dumama, har zuwa digiri 60, in littafinsu ya faɗi haka. Ruwan da rana ta ɗumama a baƙin tanki ya rage wa hita aiki mai yawa.

Wata magana ga masu sayen na hannu. Injin da aka ƙera domin Amurka na bolt 120 ne, kuma an yi shi ne a jona shi da famfon ruwan zafi na gida. Hitarsa ƙarama ce, ƙari kurum take yi. In aka kawo shi nan aka sa masa na'urar rage wuta, aka ba shi ruwan tanki mai sanyi, ba zai kai zafin kirki ba ko da sabo ne fil. A karanta ɗan allon da ke manne a gefen ƙofa tun kafin a biya kuɗi.

Ruwan kansa

Ƙasar Potiskum ƙasa ce mai zurfin ruwa, jama'a da yawa kuma da rijiyar burtsatse da tankin sama suka dogara. Wannan yana jawo abu biyu. Na farko rashin ƙarfin turi. Galibin injuna suna son turin da bai gaza rabin ba ɗaya ba, a ma'aunin turin ruwa da ake kira ba. Tsayin mita 10 shi ke ba da ba ɗaya. Ke nan tankin da bai ɗara injin da mita 5 ba, da ƙyar zai cika shi a kan lokaci, in ruwa bai isa ba kuwa an riga an faɗi abin da fanel zai yi. Na biyu yashi. A bakin tiyon shiga akwai wata 'yar rariya mai kamar hular yatsa. A rufe famfo, a kwance tiyon, a zaro ta a wanke. Aikin minti biyar ne, ya kuwa sha hana mutane asarar dubbai. Babbar matata da ke ƙasan ɗakin wanki ita ma a riƙa cire ta ana wankewa, a tsokace ramukan hannuwan feshi da tsinke, domin ƙwayar shinkafa da ɓawon wake da busasshen tuwo nan suke maƙalewa.

Kada a zuba garin wankin tufafi ko sabulun ruwa na wanke-wanken hannu. Kumfa suke yi, famfo kuma ba ya iya tura kumfa. Sai injin ya ga kamar ba ruwa, ya hana hita wuta, wani lokaci ma kumfar ta malalo ƙasa ta jiƙa wayoyi.

Sai kuma ɓawo. Ruwan rijiyoyi ba ɗaya ba ne, ko a gari guda. Wani yana ɗauke da sinadarin alli a narke, ana gane shi da wuyar kumfar sabulu. In an dafa shi sai allin ya kwanta. Wanda yake son sanin halin ruwansa ya leƙa gindin butar shayinsa: in ya ga farin ɓawo, to, irinsa yana kan hitar injin. Ɓawon nan riga yake zame mata, zafi ya kasa fita zuwa ruwa, ya taru a cikin ƙarfen har fis na zafi ya yanke, ko ita kanta ta fashe. Maganinsa abu mai tsami, kamar garin sitirik asid da masu kayan haɗa lemo ke sayarwa, ko maganin ɓawo da aka yi domin injin. A zuba, a kunna injin ba kwanuka a ciki. Kanwa da toka, waɗanda iyaye mata suka san amfaninsu wajen yanke maiƙo, ba su cin wannan ɓawo ko kaɗan. Injin da ke da rumbun gishiri a ƙasansa kuma a riƙa cika shi da gishirin da aka yi dominsa, ba na miya ba.

Cikin injin

Sai an gama da duk waɗannan ne za a ɗauki sukundireba, kuma daga nan aikin na mai gyara ne wanda ya koya. Sharaɗin farko a zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai wadatar ba. A rufe ruwa. Kada a tsaya a jiƙaƙƙen daɓe.

A cire wayoyin hita, a ɗora mita a ƙafafunta biyu a ma'aunin om. Lissafin mai sauƙi ne: 230 sau 230, a raba da wat ɗin da aka rubuta. Mai wat 2,000 za ta nuna wajen om 26, mai 1,800 wajen 29, mai 2,200 wajen 24. In mita ba ta motsa ba, zaren ciki ya tsinke, sai sabuwa. Sa'an nan a auna tsakanin ƙafa ɗaya da jikin ƙarfen. Nan bai kamata a sami hanya ba ko kaɗan. In an samu, hitar tana zubar da wuta cikin ruwa da gangar injin. Wannan ita ce mai kisa, musamman a gidan da ba a sa wayar ƙasa ba, ko aka karye ƙafa ta uku ta fulogi domin ya shiga soket. Duk injin da aka taɓa aka ji ya ɗan ja, ko da kaɗan ne, a zare shi nan take, kada a sake kunnawa sai an gano dalili.

Ma'aunin zafi na sababbin injuna wani ɗan abu ne wanda lambarsa a mita take sauka in ya ji ɗumi. Lambar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma in an tsoma bakinsa a ruwan ɗumi aka ga ba ta sauka ba, ya mutu. In ya lalace yana iya gaya wa fanel cewa ruwa ya riga ya yi zafi, fanel kuwa ya gaskata shi. Makunnin ƙofa da wayoyin da ke lanƙwasa a gindin ƙofa su ma a duba su, haka wuraren da ɓera ke iya ci. Ɗumin ƙarƙashin injin masauki ne ga ɓera da kyankyasai.

Game da fis na zafi akwai gargaɗi. In ya yanke, wani abu ne ya sa shi: ko ɓawo, ko ƙarancin ruwa, ko famfon da ya gaji. Waɗansu masu gyara sukan cire shi su ƙulla wayoyin kai tsaye, injin ya koma dumama ruwa, mai gida ya yi murna ya biya. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne ya bar ɓarawo a cikin gida. Ranar da ruwa ya yanke ana cikin wanki, ba abin da zai tsai da hitar, kewaye da ita kuwa roba ce. A sa sabo irinsa, mai lamba ɗaya, a kuma nemo abin da ya kashe na farkon.

Fanel shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mafi tsada. A jikinsa akwai wani ɗan akwati, makunni mai aiki da kansa, wanda ke ba hita wuta. Rawar wuta da yawan sauyawa daga layi zuwa janareta suna cinye shi, har dalmar da ke bayansa ta ƙone ta yi baƙi. Mai gyaran rediyo da talabijin wanda ya iya hannunsa yana iya sauya wannan ɗan akwati ko ya sabunta dalmar, a kuɗin da bai kai ushirin sabon fanel ba. Mai injin yana da iko ya ce a nuna masa awon da aka yi kafin a sayi kome, a kuma ba shi tsohon kayan da aka cire. Wanda zai sa wayar gida kuwa, a nemi mai takardar shaida daga NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin aikin wuta.

Kafin gyara ya samu

Gidan abinci ba ya rufewa don inji ya tsaya, kayan gyara kuma wani lokaci sai an aika Kano. A wannan tsakani kada a ci gaba da amfani da injin da ruwan sanyi. A koma ga baho uku, yadda ma'aikatan duba-gari suke koyarwa. A kankare sauran abinci tukuna. A baho na farko a wanke da sabulu da ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa, a riƙa sauya ruwan da zarar ya yi maiƙo. A na biyu a ɗauraye. Na uku shi ne na kashe ƙwayoyin cuta, hanyarsa kuma biyu ce. Ko dai a tsoma kwanukan cikin ruwan da ya kai digiri 77 na tsawon daƙiƙa 30, a cikin kwando mai mariƙi domin kada hannu ya ƙone, ko kuwa a zuba cokalin cin abinci biyu na ruwan bilic, irin mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, a lita 10 na ruwa mai tsabta wanda ba mai zafi ba, a bar su ciki minti ɗaya ko fiye. Bilic ba ya haɗuwa da maganin ɓawo ko wani abu mai tsami, gama haɗin yana tayar da iska mai guba.

In an tsamo su a kife a kan shanya mai tsayi, inda kaji da awaki ba su kaiwa, a bar iska da rana su busar. Ba a goge su da tsumma, domin tsumman da ya bi faranti hamsin shi ke mai da abin da aka wahala aka cire. Ruwan baho na uku kuwa a sabunta shi da zarar ya gurɓace ko warin bilic ɗin ya gushe.